Shekarar da Tifa Ta Ratsa Gonarmu

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yadda kakanku ya zauna a Ikara, na rubuta yadda na koyi ɗinki, amma duk sanda na zo kan gonar fadama sai in ajiye biro in ce sai gobe. Abin da ya zaunar da ni yau magana ce da na ji daga bakin ɗayanku ranar sunan da aka yi a gidan nan. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. Cewa ya yi wai Baffanku Sale son kansa ne ya fitar da shi daga gidan nan, ya ga gona ta lalace ya gudu ya bar ni da fako. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in bar duniya kuna ɗora wa mutumin nan laifin da ba nasa ba.

Manyanku za su iya tuna gonar yadda take a da. Tana bayan unguwa, daga katangar gidan ƙarshe har bakin babban titi. Ta sama muna zuba masara da tumatir, ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya rake ne. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba ta ba, muka ci gaba da noma ta a gandu ɗaya. In ana maganar gaskiya, Yaya Sale ne manomin. Ni ina da shagon ɗinki a ƙofar gida, sai da yamma ko ranar da aiki ya yi sauƙi nake leƙawa in kama masa. Shi kuwa ba shi da wata sana'a sai ita. Da shi da iyalinsa, da ni da ku, da kakarku Inna, duk daga rumbu ɗaya muke ci.

Da aka ce za a yi mana titi da magudanan ruwa, murna muka yi. Duk damina layinmu taɓo ne, 'yan acaɓa ma ƙin shigowa suke yi. Kamfanin da aka ba aikin ya kafa yadinsa a wani fili can ƙarshen unguwa, nan suke tara tsakuwa da marmara, nan manyan motocinsu ke kwana. Daga yadin zuwa babban titi kuwa hanya ɗaya ce tal, ita ce layinmu. Suka zo da katafila suka haƙa rami dama da hagu, a bakin kowace ƙofa, aka ce kafin ruwa ya sauka an zuba siminti an rufe. Ruwa ya sauka ya ɗauke, ramukan suna nan a buɗe. Aikin layinmu ya tsaya, amma na sauran gari bai tsaya ba, don haka tifofi ba su daina bi ta ƙofarmu ba, daga safiya har faɗuwar rana.

Wanda bai zauna cikin irin wannan ba zai ɗauka ƙura ce kawai da ƙara. Ni abin da na fi tunawa shi ne yadda rayuwa ta riƙa tsukewa a hankali. Farar shadda in na ɗinka na rataye, kafin mai ita ya zo ta koma ja, sai na koma ɗinki ƙofa a rufe da rana tsaka. Mata suka daina shanyar kauɗar tumatir da barkono a kan rufi, domin abin da za a kwashe rabinsa ƙasa ne. Katangar zaurenmu ta tsage daga sama har ƙasa saboda girgiza. Mai ƙosan da ke bakin masallaci ta tattara kaskonta ta koma wata unguwa. Da damina ramukan suka cika da ruwa, sauro ya samu gida, kowa ya sa katako a ƙofarsa yana takawa kamar mai tsallake rafi. Yara kuwa aka hana su waje gaba ɗaya. Inna, wadda tun ina yaro ban taɓa ganin ta wuni a ɗaki ba, tari ya kama ta ya ƙi saki. Mahaifiyarku ta riƙa jiƙa tsohon zane tana rataya mata a ƙofa, ita kuma tana ciki a zaune cikin duhu tana jan carbi.

Mun yi ta gunaguni a tsakaninmu, a masallaci da wurin zama, amma babu wanda ya je ko'ina. Kowa na cewa aikin gwamnati ne, a yi haƙuri, ai mu za mu ji daɗinsa. Haka muka yi ta haƙuri har ranar da Malam Iro ladan ya rasu. Shi ne ya yi mana kiran salla tun kafin in yi aure. Aka yi masa sutura, aka sallace shi da hantsi, muka ɗauko makara za mu maƙabarta. Muna fitowa layi sai ga tifofi sun jero daga yadi, ɗauke da marmara. Layin ya riga ya matse saboda ramuka, babu inda za a raɓa. Direban ta farkon ya yi ƙoƙarin tsayawa, amma na baya sun taho, babu wurin komawa. Sai mu ne muka ja da baya, muka manne da katanga da gawa a kafaɗa, muna jira su wuce. Ina gaba ta dama. Ina kallon ƙura tana sauka a kan mayafin da aka lulluɓe shi da shi, fari yana komawa ja, babu hannun da zan sa in kakkaɓe. Wani direba ya cire hularsa da ya gan mu, na ga kunya a fuskarsa. Ba laifinsa ba ne, hanyar da aka nuna masa ke nan.

Da muka dawo na tafi wurin mai unguwa kai tsaye, na ce ya kamata mu je mu ga masu aikin nan. Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan. Kafin ranar tafiya, mahaifiyarku ta tsare ni a tsakar gida.

“Malam, in kun je me za ku ce musu?”

Na ce za mu ce su rage gudu, su kuma gama aikin.

“Gama aiki ba a hannunsu yake ba, kai ma ka sani. Ku roƙi abin da za su iya yi gobe. Su riƙa yayyafa ruwa a layi safe da yamma. Su sa mana abin takawa mai ƙarfi a ƙofofi, katakon nan na maƙwabciyarmu Inna Laraba ya karye da ita ɗauke da tulu. Kuma lokacin da yara ke tafiya makaranta da lokacin tashi, motocin su dakata. Ku maza kuna fita da safe, mu ne muke wuni da abin.”

Abin da muka kai ke nan, kusan kalma da kalma. Injiniyan da muka samu matashi ne, mutumin kudancin jihar nan, Hausarsa tas. Ya ba mu kujeru a inuwar kwantena, muka gaisa, ya yi mana ta'aziyyar Malam Iro don labarin ya riga ya kai masa. Ya saurare mu har muka gama bai katse kowa ba. Ya ce tankar ruwa suna da ita, za ta fara bi. Ya ce akwai fale-falen siminti da aka zuba don wani wuri, zai sa a kawo a ɗora a ƙofofi. Dakatar da motoci lokacin makaranta da sallar Juma'a ma ya yarda. Sai mai unguwa ya ce duk wannan ragi ne, amma motocin fa, har yaushe za su riƙa bi ta cikin mutane?

“Ranka ya daɗe, ba zan yi muku ƙarya ba, ban san ranar gamawa ba. Kuma ba ni da wata hanyar. Da akwai inda zan fitar da su ta baya su hau babban titi, da gobe ba za ku ƙara ganin tifa a ƙofarku ba.”

Ya nuna bayan yadin da hannu. Kowa ya bi hannun da kallo, duk wanda ke wurin kuma ya san gonar da ke tsakanin yadin da titi. Babu wanda ya dube ni. Wannan rashin dubawar ya fi mini nauyi a kan a ce an roƙe ni.

Na yi kwanaki ina juya abin kafin in iya furta shi. Na samu Yaya a gonar yana gyaran kunyar rake, na gaishe shi, na tsuguna na faɗa masa. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunyar.

“Haruna, ka san abin da tifa ɗauke da kaya take yi wa ƙasa?”

Na ce injiniya ya ce za su kankare ƙasar sama su tara ta gefe, in an gama su mayar.

“In an gama. Yaushe? Ƙasar da aka tara ta sha damina biyu ba ƙasa ba ce kuma, ruwa zai tafi da mai kyaun. Wadda ke ƙarƙashi kuma za ta daskare kamar daɓe. Ba wannan kaɗai ba. Hanyar za ta tare ruwan da ke gangarowa wa rake. Kai kana da keken ɗinki, in gona ta mutu ka taka keke ka ci abinci. Ni me zan taka?”

Na ce masa dai Inna ba ta numfashi, yara ba sa fita, kuma ya ga abin da ya faru ranar jana'iza, shi ma yana riƙe da makarar ta baya.

“Na gani. Amma unguwa ta kowa ce, me ya sa gonarmu kaɗai za ta biya?”

Ina so ku riƙe wannan tambayar, domin tambaya ce ta gaskiya, kuma har yau ban samo mata amsar da ta gamsar da ni ba. Abin da na sani kawai shi ne gonarmu ce Allah ya ajiye a wurin.

Muka kai maganar gaban Inna, kowa na fatan ta goyi bayansa. Ta sa aka ɗage zanen ƙofa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Kada wanda ya sa ni a ciki. In kun bayar, kada a ce don tarin Inna ne. In kun hana, kada a ce ni na hana. Ni na ci nawa. Gonar ubanku ce, ku kuka san abin da za ku iya ɗauka.”

Gidan ya yi wani iri a kwanakin nan. Matar Yaya ta daina zama hira da mahaifiyarku, ba faɗa suka yi ba, kowace dai tana tsoron abin da zai fito daga bakinta. Maƙwabta kuma suka riƙa gaishe mu da wani irin ladabi da ba mu saba ba. Ni na san ba zan iya bayarwa ni kaɗai ba, ban kuma ƙara tayar masa da maganar ba. Shi ne da kansa ya zo shago wata safiya, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. A lokacin tifa na wucewa, sai da ya jira ƙarar ta lafa.

“Je ka ce musu su bi. Amma ka sani ban yarda don na ga daidai ne ba. Na yarda ne don ba zan iya zama a unguwar da kowa ke tari yana kallon ƙofata ba.”

Aka tsayar da magana a gaban mai unguwa da liman. Yaya ne ya zaga da injiniya ya nuna masa inda hanyar za ta bi, ta gefen sama, don a rage ɓarna. Ranar da katafila ta shiga gonar, masarar ta kai gwiwa. Bai je ba. Ni na je na tsaya har aka gama, don na ga bai dace a ce babu ɗayanmu a wurin ba.

Ba zan ɓoye muku daɗin da aka ji ba, domin shi ma gaskiya ne. Washegari da safe na buɗe shago na ji wani abu ya canza, sai da na yi jim kafin na gane shiru ne. Ina jin kukan kaji daga gidan da ke tsallake. Cikin mako guda yara sun cika layi, tabarmin shanya sun koma kan rufi, mai ƙosai ta dawo da kaskonta. Inna ta fito tsakar gida ta zauna a gindin bishiyar lemo, aka cire zanen nan daga ƙofarta. Tarin bai rabu da ita duka ba, amma sauran shekarun da Allah ya ba ta a waje ta yi su, cikin jikokinta, tana tsinkar zogale tana yi wa kowa faɗa.

Aikin kuwa ya ci gaba da jan ƙafa. A yi wata ana aiki, a yi watanni ba a ga kowa ba sai mai gadi. Aka ɗauke injiniyan nan aka kai shi wani gari, wanda ya gaje shi bai san da wata magana ba, sai da muka sake zuwa muka faro daga farko. Tankar ruwa ta kan daina zuwa sai an je an tuna musu. Kududdufin da suka haƙa suna ɗibar ƙasa, sai da mata suka yi gayya suka je da kansu kafin aka kewaye shi da waya. Daga nan na koyi abin da nake so ku ma ku riƙe, don irin wannan aikin ba zai daina zuwa garuruwa ba. Masu aiki ba mugaye ba ne, amma idonsu na kan titin, ba kan ƙofar gidanka ba. In ba a je an faɗa musu ba, ba za su gani ba, kuma faɗa sau ɗaya ba ya isa. Lokacin magana kuma shi ne kafin a haƙa ramin farko. Da mun zauna da su tun ranar da suka zo neman wurin yadi, da wataƙila an kafa shi a bakin titi, da babu gonar da za a taɓa.

Duk abin da Yaya ya faɗa sai da ya faru. Tudun ƙasar da aka tara ya yi ta zaizayewa har ya koma ɗan tsibi da ciyawa a kai. Hanyar ta tare ruwa, raken ya fara fitowa siriri, masu yin mazarƙwaila da ke zuwa saye tun daga Makarfi suka duba suka wuce. Da kaka ta biyu ta zo muka zuba abin da aka samu a rumbu, ko yaro ya san ba zai kai gidan nan ga wata kakar ba. Bayan sallar la'asar Yaya ya kira ni zaure.

“Abin da ya rage ba zai riƙe gida biyu ba. Surukaina a Nasarawan Doya sun ce za su ba ni aron gona. Zan tafi.”

Na ce in wani zai tafi ni ne, tunda ni na kawo maganar.

“Ka tafi ina da keken ɗinki? Masu kawo maka ɗinki a nan suke. Inna kuma ba za ta tashi ba, dole wani ya zauna da ita. Ka noma abin da ya saura, da nawa da naka, ka ciyar da yaran nan.”

Wannan shi ne gudun da kuka ji an ce ya yi. Mutum ya haura hamsin, ya bar gidan da aka haife shi, ya je yana noma gonar aro a garin surukai, ya bar mini rabonsa ban roƙa ba. Masarar da kuka ci kuka girma, rabinta tasa ce. Ba zan ce muku ya tafi da farin ciki ba. Ya tafi da fushi, kuma fushin ya daɗe. Ya kan zo gaida Inna ya koma ba mu yi wata doguwar magana ba, in zai shigo gari kuma sai ya zaga ta kasuwa don kada ya ga gonar. Ku kun ga fushin, shi ya sa kuka ɗauka abin da kuka ɗauka. Abin da ya bari ne ba ku gani ba, don shi ba mai faɗa ba ne, ni kuma na ɗauka kun sani.

Da aka gama aikin daga ƙarshe, kamfanin ya turo gireda ta baje ɗan abin da ya rage na ƙasar, suka kwashe kayansu suka tafi. Na ɗauko tarakta ta gwada wurin, garmar ta riƙa tsalle kamar a kan dutse. Ko da ma ta kama, hanyar ta riga ta zama ta mutane. 'Yan acaɓa da masu kai tumatir kasuwa da Fulani masu kawo nono duk ta nan suke yanke. Na taɓa sa ƙaya na tare bakinta, kafin azahar na je na cire da hannuna, don na ga wata tsohuwa da kaya a ka tana neman inda za ta raɓa.

Bayan sallar layya da ta wuce na je Nasarawan Doya na duba shi. Ƙafa ta hana shi zuwa gona yanzu, 'ya'yansa ke yi. Muka gaisa, ya tambayi kowannenku da suna, har da wanda ya yi maganar nan. Muna zaune a ƙofar gida sai ya tambaye ni abin da bai taɓa tambaya ba tun da ya tashi.

“Hanyar nan, har yanzu ana bi?”

Na ce ana bi, har motocin haya sun fara bi.

“Sun san ta wane ne?”

Na ce tsofaffi sun sani, yaran yanzu kuwa ba su sani ba. Ya ce to me suke kiranta? Na faɗa masa gaskiya, Hanyar Kamfani suke ce mata.

Ya dube ni, sai ya fara dariya, irin wadda rabon da in ji ta daga bakinsa tun muna samari. Ya yi ta har sai da ya share ido da bakin riga.

“Ko sunan ma ba mu samu ba,” ya ce. “To, Allah ya sa a can an rubuta daidai.”

Na ce amin. Ku je ku gaishe shi tun yana da rai.